Wanda Babu Shi a Takardar Albashi

Tun tana 'yar firamare ta san warin kamfanin Kawu. Wari ne na soso da gam da wani sinadari mai hawa kai, wanda in ya kama rigar mutum sai an yi mata wanki biyu kafin ya saki. Katifa ake yi a wurin. Kawu yayan mahaifiyarta ne, kuma tun da mahaifinta ya rasu shi ya ɗauki nauyinsu, daga kuɗin haya har na makaranta. Shi ya ce ta karanci aikin akanta, don a cewarsa ya gaji da ɗaukar bare yana leƙa masa cikin aljihu. Da ta gama karatu ta samu lasisinta, sai ya ba ta ofis a saman bene, mai taga tana kallon filin aiki. Daga ranar sunanta ya ɓace. Ma'aikata da direbobi da masu kawo kaya, kowa Akanta yake ce mata, har Inna, mahaifiyarta, in tana son tsokanarta haka take kiranta.

Shekarun farko ba ta da abin kuka. Kawu mutum ne mai faɗa amma ba mugu ba, kuma kasuwa tana tafiya. Abin da aka sayar ta rubuta, abin da aka saya ta rubuta, ƙarshen shekara a biya haraji, Kawu ya yi mita kamar an cire masa haƙori, a wuce wurin. Sai abubuwa suka fara tsuke. Sinadarin da ake haɗa soso da shi ya yi tashin gwauron zabi, man janareto ya bi sahu, ga katifun waje masu araha sun cika kasuwa. Kawu ya rage dariya. Ya koma shigowa ofishinta ya tsaya a kanta yana kallon kwamfuta, ko da yake ba ya gane abin da ke ciki.

A wannan tsakanin ne ya zo da wani mutum. Siriri ne, mai tsafta, mai ƙamshin turare, ba ya rabo da murmushi. An ce ya taɓa aiki a hukumar haraji kafin ya bari ya koma ba 'yan kasuwa shawara. Ma'aikatan ƙasan bene ne suka laƙaba masa Sha-yanzu, saboda duk matsalar da aka kawo masa sai ya ce, "Ai wannan sha yanzu ne, magani yanzu." Sunan ya bi shi, shi ma bai damu ba.

Ranar da ya fara zama da su a ofishin Kawu, sai da ya gama shan shayinsa a natse kafin ya buɗe fayil ɗin da ta miƙa masa. Ya juya shafuka yana girgiza kai.

"Ranka ya daɗe, wannan ai sadaka kake yi wa hukuma," in ji shi. "Aikin ƙanwata yana da kyau, babu kuskure ko ɗaya. To amma aikin makaranta ne. Kasuwa daban, aji daban."

Kawu ya gyara zama. "Faɗa mata dai ta ji."

Ya faɗa ɗin. Kayan da ke sito, a rubuta kashi ɗaya cikin uku, sauran a kwashe a kai tsohon ɗakin ajiya na baya inda mai duba kaya ba ya leƙawa. Manyan dillalai da ke biya da tsabar kuɗi, a daina yanka musu rasit. Su kuma ma'aikatan ƙasa, masu yanka da masu ɗinki da masu lodi, a cire su daga takardar albashi, a riƙa ba su nasu a hannu. Ta haka babu harajin albashi, babu kason fansho, babu kuɗin asusun diyyar rauni da kamfani ke zubawa kowane wata.

"Inshorar ma a rage ta ta yi daidai da abin da aka rubuta," ya ƙara da cewa. "Me ya sa za ka biya kuɗin kare kayan da a takarda babu su?"

Akanta ta ce, "Kawu, wannan fa ba dabara ba ce. Laifi ne. Kuma ni ce mai sa hannu."

"Wa ya ce har abada za a yi?" Sha-yanzu ya amsa tun kafin Kawu ya buɗe baki. "Shekara ɗaya ko biyu, kasuwa ta miƙe, a mayar da komai yadda yake. Ko kin fi so a rufe kamfanin, mutanen nan duka su koma gida su zauna? Wanne ne tausayin?"

Kawu bai yi mata tsawa ba. Da ma ya yi, da ta fi samun bakin musu. Sai ya dube ta kawai ya ce, "'Yata, ban taɓa roƙonki komai ba."

Da yamma ta biya wajen Inna, ta same ta tana ninke wanki a bakin gado. Ta zayyana mata komai. Inna ta saurara har ƙarshe, hannunta bai daina ninki ba.

"Ni ban san haraji ba," ta ce. "Abin da na sani, ranar da aka fitar mana da kaya waje saboda kuɗin haya, mutum ɗaya ne ya zo. Takalmin da kika sa kika je jami'a ma shi ya saya. Yau ya shiga matsi ya ce ki kama masa, sai ki ce masa doka? Dokar ce ta raine ki?"

Mijinta, wanda malamin makaranta ne, ra'ayinsa daban. Ya ce ta ajiye aikin. Ta tambaye shi da albashinsa kaɗai za su riƙe gida da yara uku? Sai ya ce, "To ki dai sani, ramin ƙarya ƙurarre ne." Ta ce ta sani. Washegari ta je ofis ta fara cire sunaye.

A cikin sunayen akwai na Baba Reza. Shi ne babban mai yankan soso, kuma ya girmi injin da yake aiki da shi a kamfanin. Ana ce masa Reza saboda yankansa ba ya karkata ko da faɗin gashi. Ya san ta tun tana zuwa da jakar makaranta ta zauna a kan tarin soso tana jiran Kawu ya tashi. Ƙarshen watan, ita da kanta ta sauka ƙasa da ambulan-ambulan ta raba. Baba Reza ya buɗe nasa, ya duba, ya ɗago kai yana dariya.

"Akanta, kin yi kuskure ko kuwa Maigida ne ya yi mafarkin alheri? Ai ya fi na kullum."

"Ba kuskure ba ne, Baba. An daina cire komai ne. Yanzu a hannu za a riƙa ba ku."

"Kai, madalla! Da ma wannan yanke-yanken da ake yi mana, mutum bai san inda yake zuwa ba. Ni ne mai yanka, amma albashina ya fi soso shan wuƙa." Sauran suka kwashe da dariya. Har wani ya ce Allah ya ƙara wa Maigida buɗi.

Ta tsaya da sauran ambulan a hannu. Magana ɗaya ce za ta yi su gane abin da aka karɓe musu a madadin wannan ɗan ƙarin. Ta yi niyyar faɗa musu. Sai ta ga Kawu a tagar bene yana kallo, ta fasa, ta kira suna na gaba.

Shekara ɗaya ta wuce, ta biyu ta bi ta, ba a mayar da komai yadda yake ba. Wanda ya ɗanɗana rashin biya, da wuya ya koma biya da ƙafarsa. Kawu ya sake yin dariya, ya canza mota, ya sayi fili. Duk lokacin da ta tuna masa alƙawarin gyara sai ya ce, "Bari dai mu ga ƙarshen shekara." Sha-yanzu ya hana a ajiye ko da guntun rubutu na kayan da ke ɗakin baya. Ya ce abin da ba a rubuta ba, ba a kama mutum da shi. Masu duba kaya na hukuma suna zuwa, a zagaya da su babban sito, su ga kaya daidai da takarda, su sha lemo su tafi. Ita kuwa ta koyi sa hannu ba tare da ta sake karanta abin da ta rubuta ba. Ta koyi cin abincin rana a ofis ita kaɗai, don kada ta sauka ta haɗa ido da mutanen ƙasa.

Ɗakin baya kuwa ba a gina shi don soso ba. Tsohon gareji ne mai rufin kwano da ƙofa ɗaya, wayoyin lantarkinsa tun na farkon gini. Aka yi ta cusa masa katifu da sunƙin soso har suka taɓa rufi, aka jera gangunan sinadari a bakin ƙofa saboda babu inda za a kai su. Babu tukunyar kashe wuta ko ɗaya, don sayenta na nufin rubuta ta, rubuta ta kuma na nufin amsa cewa ɗakin yana aiki. Baba Reza ya taɓa tare ta a matakala ya ce, "Akanta, ɗakin nan na baya yana ɗaukar zafi. Ki faɗa wa Maigida, soso ba ya wasa da wuta." Ta faɗa. Kawu ya ce za a duba.

Da rana tsaka abin ya faru, ana tsakiyar aiki. Tana zaune ta ji warin da ba na kullum ba, sai ihu. Kafin ta sauko matakala hayaƙi baƙi ƙirin ya rufe bayan kamfanin. Soso in ya kama, ba ci yake yi ba, narkewa yake yana zuba kamar ruwan wuta. Mutane suka watse, masu guga na gudu da guga, wasu na kiran 'yan kwana-kwana. Baba Reza ne ya tuna da gangunan. Ya san in wuta ta kai gare su, babban ɗakin aiki ma ba zai tsira ba, ga mata masu ɗinki ba su gama fitowa ba. Ya naɗe fuska da rigarsa ya shiga mirgino su waje. Ya fitar da na farko da na biyu. Yana kan na uku rufin ya saki, narkakken soso ya zubo masa a hannuwa da kafaɗa.

Ita ce ta riƙe kansa a bayan motar lodi har asibiti. Bai yi ihu ba. Yana ta tambaya ne ko matan sun fita. Ta ce sun fita duka. Ta yi ƙoƙarin kada ta kalli hannuwansa, amma ido ba ya jin magana.

Babban ɗakin aiki ya tsira. Ɗakin baya ya ƙone ƙurmus, da kusan duk jarin Kawu a ciki. Ma'aikacin kamfanin inshora ya zo da hularsa ta kwano, ya zagaya tokar, ya buɗe takardunsa, ya ce cikin ladabi wannan ɗakin ba ya cikin yarjejeniya. Ko da yana ciki ma, a lissafin da kamfani ya bayar duk kayan suna babban sito, kuma ga su nan lafiya lau. A takarda, babu abin da ya ƙone sai tsohon gareji.

Kawu ya zauna a ofis ya riƙe kai. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Sha-yanzu ya iso da yamma, ya jajanta, sannan ya ce abin bai kai na kuka ba. A haɗa takardun sayen kaya da kwanan watan baya, a nuna cewa an shigo da sabon kaya makonni kaɗan kafin gobarar, an ajiye a baya na wucin gadi kafin a sanar da inshora. Ya san wanda zai buga musu rasit da hatimi.

"In muka ce muna da kayan nan, mun ƙaryata abin da muka kai wa hukumar haraji," in ji Akanta. "Bakinmu biyu zai zama."

"Ƙanwata, inshora daban, haraji daban. Ba sa ko gaisawa."

"Ba zan yi ba, Kawu. Na farkon ma da na sani ban yi ba."

Kawu ya ɗago. Idanunsa sun yi ja, ya tsufa a kwana biyu. "Likita ya ce hannun Reza sai an yi aiki kashi-kashi, in ba haka ba yatsun za su manne. Kin san abin da ya rage a asusu, ke ke riƙe da shi. Wallahi in inshora ta biya, kuɗin aikinsa zan fara cirewa. In ba ta biya ba, ki faɗa min inda zan samo."

Ta je asibiti da maraice. Matar Baba Reza tana zaune a kan tabarma a baranda da kwanon abinci da ba a taɓa ba. Ta tashi ta riƙe hannun Akanta tana godiya, wai an faɗa mata ita ce ta kawo shi. Shi kuma yana kwance, hannuwa biyu a naɗe kamar ba nasa ba. Ya ce, "Akanta, ki ce wa Maigida kada ya ba kowa injina. Yaran nan karkatar da yanka suke yi." Ta ce za ta faɗa.

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ta haɗa takardun. Ta sa hannu.

Ashe inshora da haraji suna gaisawa. Kamfanin inshora, da ya ga girman kuɗin da ake nema, ya nemi kwafin abin da aka kai wa hukumar haraji, ya ajiye su gefe da gefe. Bai biya ko sisi ba, ya kuma miƙa maganar inda ta dace. Wata safiya mutum uku suka hau benen, biyu maza da mace ɗaya mai tabarau, suka ce kada ta taɓa kwamfutar. Aka kira lambar Sha-yanzu, a kashe. Aka je ofishinsa, an ce ya yi tafiya. Da masu binciken suka tambayi matsayinsa a kamfanin, sai a lokacin ta lura cewa a duk tsawon shekarun nan bai taɓa sa hannu a ko da takardar karɓar lada ba. A hannu yake karɓa, kamar masu lodi.

Aka zaunar da ita da Kawu a ɗaki ɗaya. Mai tabarau ta jera takardu a tebur, ta tambayi Kawu ko ya san cewa abin da ke cikinsu ba gaskiya ba ne. Kawu ya dubi lauyansa, ya dubi tebur. Bai dubi Akanta ba.

"Ni ban yi boko ba," ya ce a hankali. "Sana'ata katifa. Abin da ya shafi takarda, na ɗauki mai ilimi na damƙa mata. Abin da ta kawo min, shi nake yarda da shi."

Ba ƙarya ce zalla ba, shi ya sa ta fi ciwo. Mai tabarau ta juyo. "Wannan sa hannunki ne?"

"Nawa ne."

"Wannan fa?"

"Nawa ne."

"An tilasta miki?"

Ta buɗe baki. Me za ta ce? Ba wanda ya ɗora mata wuƙa a wuya. Ta tuna Inna, ta tuna cewa in ta ja Kawu ƙasa, gidaje huɗun da yake ciyarwa ne za su bi shi. Ta ce, "Ba a tilasta min ba."

A mota lauyan ya yi mata bayani kamar mai lallashin yaro. In laifin ya tsaya a kan sakacin ma'aikaciya, tara za a ci kamfani, a biya abin da aka ɓoye, a rufe magana. In ya hau kan mai kamfani, kotu ce da kurkuku. Kawu ya sayar da filin da motar ya biya tarar. Ita ba a kai ta kotu ba. Ƙungiyar akantoci ce ta kira ta gaban kwamiti, a wani ɗaki mai sanyi, inda ɗaya daga cikin masu zaman tsohon malaminta ne. Aka soke lasisinta, aka buga sunanta a jerin waɗanda aka hana aiki.

Inna ta ce, "Ai gara da abin ya tsaya a takarda. Da Yaya aka ɗaure fa? Allah zai ba ki wani aikin." Mijinta bai ce ai na faɗa miki ba. Ya ƙara da koyar da darasin yamma a gidajen mutane, yana dawowa a gajiye, maganarsu ta koma ta cefane da kuɗin makaranta.

An yi wa Baba Reza aiki ɗaya, da abin da Kawu ya bayar da abin da abokan aiki suka tara. Na biyu bai samu ba. Aka sallame shi daga asibiti, yatsun hannun dama sun manne wuri ɗaya, na hagu biyu ne ke motsi. Bayan wasu makonni matarsa ta zo gidan Akanta da wata doguwar takarda a cikin leda. An faɗa musu akwai asusun hukuma da ke biyan ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki, har da kuɗin magani da ɗan abin da zai riƙa karɓa duk wata. Abin da ake bukata kawai, kamfani ya tabbatar cewa ma'aikacinsa ne.

"Na je wurin Maigida sau uku," in ji matar. "Kullum sai a ce ya fita. Na ce bari in zo wurinki, ke kin san mijina tun kina yarinya."

Akanta ta je gidan Kawu da kanta. Ya karɓe ta a falo, ya sa aka kawo mata ruwa, ya tambayi yara. Da ta fito da takardar sai fuskarsa ta canza. Ya ce lauya ya gargaɗe shi. In ya amsa cewa Reza ma'aikacinsa ne, ya amsa na sauran mutum arba'in, da bashin fansho da na asusun na duk shekarun. Maganar da aka samu aka binne za ta tashi sabuwa.

"Kawu, kamfaninka ya shiga wuta ya ceto."

"Na sani. Kina tsammani ina barci? Zan riƙa aika masa da abin da ya samu. Amma hannuna ba zai hau takardar nan ba. A bar kaza cikin gashinta."

Ta koma gida ta rubuta wasiƙa da kanta. Ta faɗi shekarun da Baba Reza ya yi yana aiki, da irin aikinsa, da yadda aka cire sunansa, da wanda ya cire. Ta sa hannu, ta raka matar ofishin asusun. Suka yi layi tun safe har rana ta take. Ma'aikacin da ke bayan gilashi ya karanta wasiƙar har ƙarshe, ya danna kwamfutarsa, ya daɗe yana kallo.

"Ke ce kika rubuta wannan?"

"Ni ce."

"To ga takardar albashin da kamfanin ya kawo mana shekara uku a jere. Babu sunan mutumin nan. Kuma sa hannun da ke ƙasa irin wannan ne." Ya juyo mata da fuskar kwamfutar. "Wancan kin sa shi kina da lasisi. Wannan kin sa shi ba ki da shi. Ke da kanki, wanne kike so in ɗauka?"

"Wancan ƙarya ne. Wannan ne gaskiya."

"Ban musa miki ba, baiwar Allah. Amma ni takarda nake bi. Ku kawo hatimin kamfani, ko ku je kotu."

Matar Baba Reza ba ta iya karatu sosai ba, amma ta ji komai. A bakin titi ta tsaya ta gyara mayafinta.

"Wato ke kika cire shi."

"Ni ce."

Matar ta gyaɗa kai kawai. Ba ta zage ta ba, ba ta yi kuka ba. Ta karɓi ledar takardunta ta tari mota.

Lauyan da suka nema ya faɗi abin da shari'ar za ta ci da shekarun da za ta ɗauka, ya kuma ce babbar shaidarsu mace ce da aka kora daga aiki saboda ƙarya a takarda. Maganar kotu ta mutu a nan. Akanta ta nemi aiki a wurare da dama. Wasu da sun ga sunanta sai su ce za su kira. Wani mai shagon kayan gini ya ce zai ɗauke ta a rabin albashi, ya kashe mata ido ya ce ai irinta yake nema, wadda ta san hanya. Ta tashi ta fita.

Duk da haka ta ci gaba da zuwa gidan Baba Reza lokaci-lokaci, da ɗan abin da ta iya. Ɗaki biyu ne a ƙarshen wani lungu. Takan same shi zaune a ƙofar ɗaki, an ɗora masa kofi a tsakanin tafukan hannu, yana ɗagawa da ƙyar. Matarsa ba ta faɗa masa abin da aka yi a ofishin asusun ba. Ya ɗauka takardu ne ke tafiyar hawainiya, kamar yadda suka saba.

"Akanta, ina labarin kuɗin namu?" yakan ce. "Ke da kika san su, ki ɗan taɓa mana su. In aka yi aikin nan na biyu, ko awo ne ai zan iya koya wa yara."

"Ana nan ana bi, Baba."

"To madalla. Na san ba za ki bari ba."

Ranar da ta je ta ƙarshe, matar ta rako ta har bakin lungu, abin da ba ta saba yi ba. Suka tsaya kusa da wani famfo inda mata ke jiran layi.

"Ina so in roƙe ki wani abu," in ji matar. "Kada ki ƙara zuwa."

Akanta ta dube ta.

"Ba don na riƙe ki ba. Wannan tsakaninki da Allah ne. Amma duk ranar da kika zo, sai ya kwana yana lissafin abin da zai yi in an biya shi. Ni ce nake zama da shi bayan kin tafi. Ki bar shi ya haƙura."

Ta ce to. Ta miƙa mata ledar da ta zo da ita, matar ta karɓa ta juya.

Tana tsaye a tasha wayarta ta yi ƙara. Inna ce, muryarta da fara'a. Ta ce Kawu ya samu wanda zai zuba jari, za a sake buɗe kamfanin da sabon suna, da sunan babban ɗansa. Sun ɗauki wani yaro mai lasisi da zai riƙa sa hannu, amma bai san kan aikin ba. Kawu ya ce in tana so, ta riƙa haɗa musu lissafin daga gida, a ba ta nata a hannu duk wata.

"Kin ga bai manta da ke ba," in ji Inna. "Ki je ki gaishe shi gobe. Kuɗin makarantar yaran nan ya kusa, kuma mijinki ya rame."

Mota ta zo ta cika ta tafi ba ta shiga ba. Inna tana ta cewa, "Kina jina? Kina jina kuwa?"

"Ina jinki, Inna," ta ce. "Da ƙarfe nawa yake fita?"